Wa Ke Kan Layin Alhaji Zuberu?

Kun gani, kada ku ce ba ku gani ba. Duk wanda ya taɓa bin lungunan unguwar Alabar ya ga siraran wayoyin nan, shuɗaye da masu ruwan toka, sun fito ta tagar wani ofis, sun bi ta kan kwano, sun naɗe sandar lantarki, sun shige wani gida. Kun gan su kuka sunkuyar da kai kuka wuce, wataƙila don ɗaya daga ciki gidanku ta nufa. A ranar kuma kuka shiga wannan ofishin kuka miƙa fasfon mahaifiyarku da hannu biyu, ba ku tambayi kowa inda hotonsa zai kwana ba. To ku saurari abin da ya faru a ofishin Alhaji Zuberu.

Alhaji Zuberu yana shirya wa mutane tafiyar Hajji da Umara, yana kuma sayar da tikitin jirgi. Babban ofishinsa yana Alabar, da wani ɗaki a tsallaken lungu inda ake ɗaukar hoton matafiya, sannan da reshe a Buokrom da wani a Kwadaso. Da aiki ya yi yawa, kwamfutoci suka fara gardama, sai ya ɗauko Fareeda, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ta karanta harkar kwamfuta a jami'a, ya damƙa mata na'urorin kamfanin gaba ɗaya. Ba ya kiran ta da sunanta, sai Injiniya. Rabin kiran alfahari ne, rabi tsokana.

Abu na farko da Fareeda ta nema shi ne taswira, wato zanen da zai nuna wace na'ura ke haɗe da wace, kuma ta ina layin intanet ke shiga da fita. Babu shi. Shekara da shekaru duk wanda ya iya riƙe filaya a dangi ya zo ya ƙara waya ya tafi. Bayan teburin karɓar baƙi akwai akwatin da ke rarraba layi, wayoyi sun cukurkuɗe a jikinsa kamar taliyar da ta kwana a tukunya.

Sai ta ɗauko manhajoji biyu don ta gwada ta zaɓi ɗaya. Ta farko ta sa mata suna Mai Zane. Kai za ka faɗa mata abin da ka sani, ita kuma ta zana maka shi da kyau, da launuka, har ka so ka rataye a bango. Ta biyu ta sa mata suna Mai Ƙwanƙwasa. Wannan ba ta jiran a faɗa mata komai. Da kanta take bin layi, ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa, duk na'urar da ta amsa ta rubuta ta, in wata sabuwa ta shigo ta sanar da kai. Ba ta da kyan gani, koyon ta akwai wahala, kuma sai ka ba ta makullan akwatunan layi, wato kalmominsu na sirri, kafin ta yi aiki sosai. Wannan ne ya sa Fareeda ba ta sake ta ba tukuna, tana ta karanta ƙa'idojinta don ta tabbata abin da manhajar za ta gano a cikin kwamfutar ofis zai zauna, ba a wata ƙasa ba.

Nurudeen, ɗan Alhaji, shi ke zama a teburin gaba. Taubashinta ne, don haka babu ranar da ba sa taɓa juna.

"Injiniya, ɗauki mai launin nan mana," in ji shi, yana leƙen allonta. "Ko baƙo ya shigo ya san muna da ilimi."

"Kai dai in abu na da kyau shi ke nan. Haka ka sayo kujerar nan da ta karye ranar da ta iso."

"Ei, kujerar ba ta da laifi. Nauyin karatunki ne ya karya ta."

Wata safiyar Talata ta tsaya wurin mai ƙosai a bakin lungu, ta sayi koko da ƙosai, ta shigo ofis ta zauna. Ta ci biyu, tana shirin goge yatsunta da takardar da aka ƙunso su, sai ta ga ido yana kallon ta ta cikin mai. Ta warware takardar a hankali. Kwafin shafin fasfo ne. Ga suna, ga ranar haihuwa, ga lamba, ga sa hannu. Fuskar kuwa ta Hajiya Salamatu ce, tsohuwar da ke gidan kusa da masallaci, wadda ta kawo takardunta na Umara a watan da ya wuce.

Fareeda ta koma wurin mai ƙosai. Matar ba ta ma ɗago daga kaskonta ba ta ce, "Takarda? Wurin Abukari nake karɓa. Duk wadda ta lalace yana tara mini."

Abukari yana da shagon buga katin biki da hotunan addu'ar arba'in a tsallaken lungu, bango ɗaya da ɗakin ɗaukar hoton kamfanin. Ta same shi yana yanka katuna.

"Malam Abukari, ina ka samu wannan?"

Ya karkata kai ya duba. "Oho, irin waɗannan. Ai su kan fito da kansu. Ina zaune sai in ji firinta ta kama aiki. Na ɗauka ku ne kuke aro in taku ta gaji, shi ya sa ban taɓa magana ba. In na jira ba wanda ya zo karɓa, sai in sa a tarin banza."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe paa, sosai da sosai."

Nan take ta gane. Firintarsa iri ɗaya ce da ta ofis, sunansu ɗaya a kwamfuta, kuma kan layi ɗaya suke. Ma'aikaci zai danna buga, takarda ba ta fito ba, sai ya ce na'urar ta sake yin halinta, ya zaɓi ɗayar ya sake dannawa. Ta farkon kuwa ta riga ta fito a tsallake.

"Wa ya jona ka da layinmu?"

Abukari ya dube ta kamar ta tambaye shi wa ya ba shi izinin shaƙar iska. "Alhaji mana. Na roƙe shi, ya ce a ja mini. Allah ya saka masa."

Fareeda ta dawo ofis kanta na hayaƙi. Alhaji bai iso ba tukuna. Ta ajiye takardar a kan teburinsa, ta zagaya bayan teburin Nurudeen, ta durƙusa gaban akwatin layi. Duk wayar da ta ga ta nufi taga, ta fizge ta.

"Ke, lafiya? Me kike yi haka?"

"Rufe ƙofa nake yi. Matsa."

Ta tashi tana kaɗe gwiwa, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Sanyin bai daɗe ba. Mai ɗaukar hoto ya tsallako ya ce kwamfutarsa ta daina ganin ofis, ga mutane sun yi layi. Ashe wayar ɗakin hoto ta cikin shagon Abukari ta bi. Reshen Buokrom suka kira, sun kasa buɗe takardun matafiya. Ta koma ta durƙusa don ta mayar da ta ɗakin hoto kaɗai, sai ta ga ba ta san wacce ba ce. Duk shuɗaye ne, duk sun nufi taga.

Nurudeen ya tsaya a kanta ya harɗe hannu. "Injiniya ta rufe ƙofa, ta bar makulli a waje."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta ci gaba da laluben wayoyin.

Alhaji Zuberu ya iso kafin azahar, bai gama zama ba mutane suka fara shigowa. Fareeda ta shirya wa faɗa, amma ba faɗa ya kawo su ba. Ladan ne ya fara sallama, ya zauna a bakin kujera, ya gaisa da Alhaji gaisuwa mai tsawo, sannan ya rage murya.

"Alhaji, mun ga layi ya ɗauke, alhali ba dumso aka yi ba, wutar lantarki na nan. Muka ce bari mu leƙo. In wani abu ne ya taɓa kasuwa, kada ka ɓoye mana. Kowa da ranarsa."

Mai shagon magani ya shigo da irin wannan fuskar. Matar gidan baya ta aiko da kwanon wake da shinkafa, da saƙon Allah ya kawo sauƙi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kawo a ransa cewa da gangan aka cire. A nan Zongo gidan da ke da famfo ba ya rufe ƙofa, mai wuta ba ya hana maƙwabci jona ƙwan fitila ɗaya, to layi ma haka suka ɗauke shi. In ya yanke, lalle mai gidan ne ya shiga wani hali, sai a zo jaje.

Alhaji ya yi ta ba su haƙuri yana cewa ƙaramar matsala ce, Injiniya na kai. Da suka ragu ya juyo gare ta.

"Mayar da su."

"Kawu, ka ga abin da ke kan teburinka?"

Ya ɗauki takardar da yatsa biyu, ya kai ta kusa da tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ta ba shi labarin ƙosai da firintar Abukari. Ya ajiye takardar, ya kifa ta.

"Kuskure ne. Ki ce wa yara su riƙa lura. Mayar da wayoyin."

"Zan mayar, don ba ni da yadda zan yi. Amma ka zauna kusa da ni ka ga abu ɗaya."

Ta cusa wayoyin duka, ta jawo kwamfutarta, ta ba Mai Ƙwanƙwasa makullan, ta sake ta. Da farko akwati ɗaya ya bayyana a tsakiyar allo. Sai kwamfutocin ofis suka fito kewaye da shi, Alhaji yana gyaɗa kai. Daga nan zane ya fara tohuwa ta ko'ina. Reshe ya fita zuwa wata firinta mai sunan Abukari. Wani ya fita zuwa wani akwatin layi da ba wanda ya san da shi a ofis, a ƙarƙashinsa wayoyin hannu rututu kamar tururuwa sun samu sukari. Ga talabijin, ga kyamarar tsaro, ga wata kwamfuta da aka sa wa suna Sarkin Wasa.

"Wannan ta wace ce?" Alhaji ya nuna da baki.

"Ban sani ba, Kawu. Kai ma ba ka sani ba. Amma tana iya buɗe jakar kwamfutar da muke ajiye hotunan fasfon mutane kamar yadda kwamfutar Nurudeen ke buɗewa."

Nurudeen ya matso, wasan ya bar fuskarsa. "Baba, wannan akwatin ina jin na gidan Gwaggo ne. Su kuma sun ba masu haya, masu haya sun ba wasu."

"Mutum nawa na ba?" Alhaji ya faɗa kamar da kansa yake magana. "Ba su kai haka ba."

"Ka ba wanda ya roƙe ka. Shi ma aka roƙe shi."

Alhaji ya jingina da kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ɗayar fa, mai launin? Ita ma haka take tona mutane?"

"Ita abin da na faɗa mata kawai take zanawa."

"To ɗauki ita."

"Kawu!"

"Saurara, Injiniya. Wannan abar taki magulmaciya ce. Yau ta nuna mini gidan yayata, gobe ta ce ladan ya ƙara waya. In na gani, dole in yi magana. In na yi magana, an ce Zuberu ya yi arziki ya fara ƙirga wa maƙwabta. Ke za ki yi aure ki tafi Kwadaso ki zauna a gida mai katanga. Ni a lungun nan za a yi mini salla."

"Mai launin ƙarya za ta zana mana, mu rataye a bango muna kallo."

"Ba ƙarya ba ce. Abin da muka sani ne."

"Abin da muka ga dama mu sani."

Nurudeen ya yi tari, alamar ta yi hankali. Fareeda ta haɗiye sauran maganar. Ta san in ta ƙara ɗaya, kawunta zai tashi ya tafi masallaci, kuma maganar ta mutu ke nan. Tana neman ta inda za ta sake ɓullowa sai aka yi sallama a ƙofa.

Hajiya Salamatu ce, da sandarta da mayafi fari. Ita ma labarin ɗaukewar layi ya kai mata, ta zo ta ji ko abin zai taɓa tafiyarta. Alhaji ya miƙe da sauri ya ba ta kujerarsa ta baƙi, wadda ke dab da tebur. Ta zauna tana mayar da numfashi, ta amsa gaisuwar kowa, ta tambayi Fareeda mahaifiyarta. Hannunta ya sauka a kan takardar da aka kifa, ta ji maiƙo, ta ɗaga.

"Zuberu, ofis guda kuna cin ƙosai a kan tebur kamar 'yan makaranta?"

Ta juya takardar don ta ga inda za ta jefar. Hajiya ba ta karatun boko, amma ta san fuskarta.

"Wannan ai ni ce."

Fareeda ta dubi kawunta. Da ya so, da ya ce kwafin da ya lalace ne aka goge hannu da shi, tsohuwar ta yi masa faɗa kaɗan ta manta. Ta ga leɓensa ya motsa ya tsaya. Sai ya jawo wata kujera ya zauna a gabanta, ƙasa da ita, ya faɗa mata yadda abin yake, tun daga firinta har kaskon mai ƙosai.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta sake duban hoton.

"Ko a hoton ma ban yi kyau ba, ga shi an ƙara mini mai." Ta ɗan murmusa, murmushin ya tafi. "Da wannan takardar mutum zai iya yin wani abu da sunana?"

"Zai iya, Hajiya," in ji Fareeda. "Zai iya karɓar layin waya, ko ya yi wata damfara, a zo neman ki."

"Tawa ta dawo. Na sauran fa?"

Ba wanda ya san inda suka shiga. Hajiya ta juya ga Alhaji.

"Zuberu, tun kana yawo ba wando na san ka, ba ka da rowa. Jikokina ma da layinka suke kallon ƙwallo, na sani. Amma ni da na kawo maka fasfona ba kyauta na ba ka ba, balle ka raba. Ajiya na ba ka." Ta ninke takardar ta cusa a bakin zaninta, ta dafa sanda ta miƙe. "Ba zan fasa tafiya ta hannunka ba. Amma zan dawo in tambaya."

Hajiya ta fita. Alhaji yana kallon allon da ke cike da rassa. Fareeda ta yi magana a hankali wannan karon.

"Kawu, na yi kuskure da na fizge wayoyi ban san inda suka nufa ba. Ba sai an yanke kowa ba. Gidanka na gado ma famfo a tsakar gida yake, kowa na shiga ya ɗiba, amma ɗakin da kake ajiye kayan mutane a kulle yake. Haka zan yi. Layin maƙwabta daban, su ci gaba da sha. Layin ofis daban, da katanga a tsakani. Sai dai ba zan iya gina katangar ba sai na san wa ke ciki wa ke waje, kuma in wani ya ɗora sabuwar waya gobe, sai an faɗa mini. Mai launin ba za ta faɗa mini ba."

"Ba wanda zai rasa layi?"

"Ba ko ɗaya. Za a canza musu kalmar shiga ne kawai."

"Ba ke za ki faɗa musu ba. Bakinki da zafi. Ni zan bi gida gida." Ya mayar da hularsa. "Kuma magulmaciyar taki, abin da ta gani tsakanina da ke ne. Ban yarda a ji a waje cewa gidan wane sun fi kowa jan layi ba."

"Na yarda."

"To ɗauke ta."

Nurudeen ya sauke numfashi. "Shi ke nan, an auro mummuna an bar kyakkyawa."

"Mummunar ta iya aiki," in ji Fareeda. "Kai ma da haka muke haƙuri da kai."

Aikin ya ci makonni. Ta bi kowace waya da taswirar a hannu, ta ɗaura wa kowacce suna. Ta ja wa ɗakin hoto tasa wayar, ta fitar da firintar Abukari daga layin ofis, ta haɗa Buokrom da Kwadaso cikin zanen, inda nan ma ta tarar da baƙin da ba a san da su ba. Alhaji ya bi gidajen da yamma bayan la'asar, yana shan ruwa a kowane zaure, yana bayani. Wasu sun gane. Wasu sun ce to, amma gaisuwarsu ta ɗan gajarta na wani lokaci, kuma ya ji abin a ransa. Waɗanda takardunsu suka riga suka fita, an kira waɗanda ake zato an faɗa musu su sa ido. Sauran sun tafi cikin ƙunshin gyaɗa da ƙosai da soyayyen kifi, ba mai iya dawo da su.

Wannan ofis ɗaya ke nan, a lungu ɗaya. Akwai asibitin da kuka ba katinku, da makarantar da ke riƙe da takardun haihuwar 'ya'yanku, da shagon da ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasarku. Masu su mutanen kirki ne, kuma mafi yawansu ba su san wa ke kan layinsu ba. Gobe in kun shiga ɗaya daga ciki, kafin ku miƙa komai, ku gaisa da mai wurin yadda ya kamata, sannan ku ce ya nuna muku taswirar layinsa. In ya ce babu, ku riƙe takardunku a hannu, ku faɗa masa ranar da za ku dawo ku gani.